Ranar da Ari Ya Shigo Gari da Filafili

Da sunan Allah nake farawa. Zuwa ga jikana Habu, abokin faɗana, wanda ya ƙwace mini mata tun yana cikin zanen goyo.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa ka buɗe wannan takarda kana zaune lafiya a cikin jirgin ƙasa, akwatinka a ƙarƙashin ƙafarka, takalmanka duka biyu suna nan. Allah ya sauke ka Kaduna lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka daga sharrin hanya da na masauki.

Na ce wa ubanka kada ya miƙa maka ita sai kun isa tashar Malam Madori. Dalili kuwa, in muna gaba da gaba, ni da kai ba ma iya komai sai tsiya. Ka ce na tsufa, in ce kunnuwanka sun fi ƙarfin hularka, shi ke nan rana ta faɗi. Ka kuma dubi rubutun da kyau. Hannuna ne, ban sa kowa ba. Kwana huɗu ina fama da shi. Inda layi ya karkace kamar tafiyar ƙaguwa, yi dariyarka a can, ba na ji.

Tun ranar da takardar ɗaukarka aiki ta zo ban zauna wuri ɗaya ba. Da kaina na karanta ta, yatsana a ƙarƙashin kowane baƙi, har na iso kan sunanka, na koma farko na sake. Na gaya wa liman, na gaya wa masu bandar kifi, na gaya wa mai fito sau uku, har ya ce mini, "Bukar, na ji jiya, na ji shekaranjiya, shiga jirgi in za ka shiga." Jikan masunci ya zama akawu. Alhamdulillahi. Farin cikin nan ya yi wa ƙirjin tsoho yawa.

Amma kwanan baya da yamma na ji kana yi wa uwarka ƙorafi a bakin murhu. Ka ce an gaya maka rabin aikin zaman taro ne, manya suna magana kana rubutawa, tun safe har azahar, wani lokaci har la'asar. Ka ce da ka sani da ka zauna ka ja taru. Ta ce ka rufe bakinka kada Allah ya ji, ni kuwa ina zaure ina jin ku. A kan wannan nake so in yi maka magana, don kakanka ya ci zaman taro har ya ƙoshi. Zan kuma gaya maka tsorona tun yanzu, kada ka yi ta nema a cikin layuka. Na tsufa, Kaduna da nisa, kuma ina tsoron ranar da za a aika maka saboda ni, saƙon ya same ka a cikin taro.

Ka san shekara goma sha uku na yi ina wakiltar Sarkin Ruwan garinmu, tun da idonsa ya mutu, a taron masu ruwa da ake yi kowane wata a Haɗejiya. Ɗaki ne mai rufin kwano da taga biyu. Wakilin hakimi yana kan kujera, Bature a gefensa da tarin takardu, tafinta a tsaye tsakaninsu. Mu kuma a tabarma, mutanen Miga, da na Kafin Hausa, da na Kirikasamma, da mu 'yan ƙananan garuruwan bakin kogi. Kowace magana sai an yi ta sau huɗu. Bature ya faɗa da bakinsa, tafinta ya juya, wakili ya maimaita don a san daga gare shi ta fito, sannan dattawa su bi ɗaya bayan ɗaya su sake faɗa don a san sun ji. Maganar da masunta biyu za su gama suna tsaye cikin ruwa kafin su ɗaga koma, a can sai ta cinye hantsi duka. Kwano yana zafi a kanka, ƙafarka ta mutu, kai kuma ka san ruwa yana ja, kifi ba ya jiran kowa.

Dabarata ta farko barci ce. Akwai wani ƙato daga wajen Miga, Ɗanjuma, mai faɗin baya kamar ƙyauren zaure. Kowane wata sai in nemi bayansa in zauna, in sauke hula kan goshi, in jingina da bango. Na ƙware har in an yi dariya nakan yi tare da mutane ban farka ba. Wata rana, lokacin da ruwa ya fara ja kifi ya taru a tafkuna, lokacin da masunci yake samun abincin shekararsa, sai na ji sunana kamar daga ƙarƙashin ruwa. Na buɗe ido na ga ɗaki duka yana kallona, Ɗanjuma ya karkace don a gan ni sosai. Ban san abin da aka tambaya ba. Kunya ta hana ni cewa a maimaita. Na gyara zama na ce, "Na yarda, ranka ya daɗe."

Ashe wanda zai tuƙa Bature cikin fadama ya auna zurfin ruwa ake nema, kowa ya kawo uzuri, saura ni. Kwana goma sha biyu na yi ina tura jirgi, shi yana tsoma wata sanda mai zane-zane yana rubutu, sauro yana cin mu duka biyu ba bambanci. Muna wuce mutanen garinmu suna loda tarwaɗa da karfasa, suna ɗaga mini hannu suna tambaya ko na yi barci lafiya.

Da na gaya wa kakarka abin da na jawo wa kaina, ba ta yi faɗa ba. Tana ɗaure mini busasshen kifi da dakuwa a tsumma, kafaɗunta suna rawa. Ta ce, "Malam, duk garin nan babu mai barci mai tsada irin naka." Shekarar nan da kifin ƙannenta muka yi miya, ba ta kuma taɓa goranta mini ba, sai dai duk ranar taro takan ce in gaida mata bayan Ɗanjuma.

Don haka, Habu, kada ka nemi bayan kowa. Zauna inda ake ganinka, kunya za ta riƙe maka ido. Kada ka cika ciki da tuwo kafin ka shiga, ka ajiye ɓarin goro a kumatu. Ba kowace kalma ce ke bukatar kunnenka duka ba, amma da ka ji an ambaci sunan mutum, ko rana, ko wuri, to ka farka, nan ne ake ɗora kaya a kan wani. In kuma an tambaye ka ba ka ji ba, ka ce ba ka ji ba. Kunyar ta ɗan lokaci ce. Ni daga baya na koyi shiga da zare, ina murza igiyar koma a cinya a ƙarƙashin riga, hannu yana aiki kunne yana saurare. Koma uku na saƙa da zaren ɗakin nan. Kai Allah ya hutar da kai, alƙalami aka ba ka.

Bayan wannan abin kunya sai na ce to, ni ma za a san ina nan. Bakin tafkinmu ya cushe da ciyawa, muna so a ba mu izini mu tara gayya mu share. Da aka zo kaina, na fara tun daga kakana, yadda ya zo daga gabas da jirgi ɗaya, da kadan da ya kashe, da shekarar da ruwa ya kai gindin tsamiyar masallaci. Na ji daɗin muryata ƙwarai. Na ga wani yana hamma na ce a raina hassada ce. Da na gama, tafinta ya juya wajen Bature ya yi 'yan kalmomi da ba su kai tsawon atishawa biyu ba, Bature ya gyaɗa kai, aka wuce.

A waje na tare tafintan na tambaye shi me ya faɗa. Ya ce ya gaya masa tafkinmu yana bukatar shara. Na ce sauran fa? Ya ce, "Sauran ai naka ne, Bukar, tafi da abinka gida."

Na yi fushi har bakin kogi, a tsakiyar ruwa kuma dariya ta kama ni. Gaskiyarsa. Abin da na yi ta zagin wasu a kai, shi na yi da zarar an ba ni dama. In ranarka ta zo aka ce ka yi magana, ka shirya ta tun a gida, ka faɗi abin da kake so da dalilinsa, ka zauna. Kada ta wuce tsawon shan ludayi uku na fura.

Sai dai kada ka raina masu doguwar magana. Akwai wani Malam Gambo daga wajen Kafin Hausa da muke kira Sai-an-yi-sallah, don in ya fara ba ya tsayawa sai ladan ya cece mu. Wata rana ruwan sama ya tare ni a garinsu na fake a gidansa. Babu kowa a gidan, Habu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Nguru. Shi ya hura wuta ya dafa mana ruwan zafi. Nan na gane cewa wata guda yake tara magana, ba shi da inda zai zuba ta sai ɗakin nan. A lokacin tausayinsa kawai na ji. Yanzu kuwa na san abin daga ciki, tambayi mai fito. In ka ga irinsa a Kaduna, ka ba shi kunnenka sadaka.

Yanzu na zo inda na yi kwana biyu ina kewayawa.

Kana ɗan shekara biyar, ban sani ba ko kana tunawa. Damina ce, kogi ya cika ya shafe hanya. Kakarka ta kwana biyu da zazzaɓi. Safiyar taro na ce zan zauna, ta ce in tafi, ba komai ba ne, kada a ce garinmu babu wakili. Har ta tashi ta dama mini fura, na ce ta ajiye sai na dawo, don na makara. Na bar ka kana kwance a jikinta kana wasa da awarwaronta, tana ce maka angonta.

Abin da aka tattauna ran nan, ba zan manta ba har in mutu. An ce kowane jirgi a rubuta masa lamba. Gardama ita ce, a goshin jirgi za a rubuta ko a gindinsa, kuma da farin fenti ko da ja. Mutanen Miga suka ce goshi, na Kirikasamma suka ce goshi yana gogar ciyawa zai goge. Aka yi ta yi.

Da hantsi na ɗaga kai na hangi Ari ta taga. Ka san Ari, abokin jirgina, wanda ya koya maka iyo a kan gora. Yana tsaye a gindin tsamiya, wandonsa jiƙe har cinya, mai gadin ƙofa ya hana shi shiga. Yana riƙe da filafili, abin tuƙin jirginmu.

Kai ɗan ruwa ne, ka san abin da wannan yake nufi. Masunci ba ya shiga gari da filafili. In ya ɗaure jirgi, sai ya tura filafilin cikin ciyawa ya rufe, ya wanke ƙafa, ya gyara riga, sannan ya hau tudu. Wanda ka gani a tsakiyar Haɗejiya da filafili a hannu, to bai ma san yana riƙe da shi ba. Na ga wannan da idona, na kuma gane. Ari ya ɗaga shi sama yana kirana.

Na dubi wakili, yana tsakiyar magana. A ɗakin nan ba a taɓa ganin wanda ya tashi kafin a shafa fatiha ba. Takalmana suna bakin ƙofa, sai na tsallake dattawa bakwai kafin in kai. Na ce a raina yanzu za a gama, saura kaɗan, bari wannan ya rufe baki. Sai na ɗaga wa Ari tafin hannu, na ce ya jira.

Da wancan ya rufe baki wani ya buɗe. Aka koma kan fenti. Na zauna, zare yana hannuna ban murza ba, ina kallon inuwar tsamiya tana janyewa daga kan Ari har rana ta tsaya a kansa, bai matsa ba. Sai bayan azahar aka shafa. Ba a ma yanke maganar ba, an ɗage ta zuwa wata mai zuwa.

Da na fito Ari bai gaishe ni ba. Ya dube ni ya ce, "Bukar, da filafili fa na shigo." Bai ƙara ba. Muka tuƙa mu biyu, ban taɓa tuƙi irin na ran nan ba. Tun daga nesa na hango maza zaune a ƙofar gidana, ban tambayi kowa komai ba.

Uwarka ce ta gaya mini daga baya. Ta ce sau biyu kakarka ta tambaya ko na haye. Aka ce mata Ari ya tafi, yanzu za mu iso. Can ta ce a rufe mini furata da faifai kada ƙuda ya faɗa. Ana kiran azahar ta cika. Da na tashi lokacin da Ari ya ɗaga filafili, da na same ta da sauran magana a bakinta.

Na san ajali ba ya ƙaruwa don miji yana kusa. Liman ya gaya mini, ni ma na gaya wa wasu. Ba ranta nake cewa da na riƙe ba. Shekara talatin da wani abu muna tare, ba mu yafi juna ba, ban riƙe hannunta ta yi shahada ba. Na shiga ɗaki na ga ƙwaryar a inda ta ce a ajiye, da faifai a kai.

Ran uku wakilin hakimi da kansa ya haye ya zo gaisuwa, mutumin kirki ne. Da ya ji yadda aka yi, ya riƙe baki ya ce, "Haba Bukar, me ya hana ka tashi?" Da ya ce doka ce ta hana, da na sami wanda zan ɗora wa. Ashe ƙofar a buɗe take. Ni ne ban san yadda talaka yake katse maganar babba ba, na zaɓi zama.

Bayan 'yan watanni, muna cikin taro, na ga malamin daji, wani Malam Sule, ya yagi 'yar takarda ya yi rubutu, ya miƙa aka kai wa wakili. Wakili ya duba, ya gyaɗa kai, bai ko tsayar da maganarsa ba. Malam Sule ya tashi a hankali ya ɗauki takalmansa ya fita. Babu wanda ya juya. Wata na gaba na tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, baƙi ne suka sauka a gidansa. Baƙi, Habu. Na koma bayan ɗakin na zauna a kan dutse na daɗe.

Shi ya sa da aka buɗe makarantar manya ta yamma a garinmu, ni ne na fara zuwa, da furfurata, da allo a hammata. Kun yi ta yi mini tsiya, kai ka fi kowa, kana cewa in na yi kuskure za ka zo da bulala. Kowa ya zaci don in karanta takardar awon gyaɗa na shiga. Ranar farko malam yana koya mana baƙaƙen farko, su a da ba, na ɗaga hannu na ce ni akwai maganar da nake so a fara koya mini. Ya ce Baba, ba a fara gini daga rufi. Na ce ni dai a rubuta mini. Ya rubuta a allo, na yi mako uku ina kwafa kamar mai zanen ƙwarya, ban san wane baƙi ne wane ba. Sai daga baya na iya karanta abin da hannuna ya riga ya iya.

Abu na biyu da na roƙa a koya mini sunan kakarka ne. Duk zamanmu ban taɓa kiran sa a gaban mutane ba. Falmata. Ga shi na rubuta maka. Wani lokaci bayan la'asar nakan zauna a bakin ruwa in rubuta shi a yashi da tsinke, in zauna tare da shi har a kira magariba. Da tana nan ranar da takardarka ta zo, da guɗarta an ji ta a Haɗejiya. Da ta ce angonta ya zama malami, ni kuma in tattara komata in ba ku wuri.

To ga abin da nake so ka riƙe. Ka yi haƙuri da taro. Yawancinsa iska ne, amma aikinka ne, a cikinsa kuma ake yanke abin da ke faɗa wa mutane irinmu a ka. Ka rubuta gaskiyar abin da aka faɗa, ka girmama manya, kada ka zama mai tashi don ƙaiƙayin ƙafa, in ba haka ba ranar da kake da dalili babu mai yarda. Amma kada girman ɗaki ya sa ka manta cewa ƙofarsa tana buɗuwa.

Ka duba cikin ninkin takardar nan, akwai wata 'yar ƙarama, ta yi baƙi da gumi. Ita ce ta farko da na rubuta da kyau. Shekara shida tana cikin hulata, ban taɓa miƙa ta ba, don babu sauran wanda za a aiko saboda shi da ba na kusa. Ga abin da ke ciki, ko da ta goge: "Ranka ya daɗe, an aiko daga gida. Ina neman izini."

Na san kana iya rubuta wadda ta fi ta kyau, har da Turanci. Amma ka sa wannan a aljihun da ke kusa da hannunka. Ranar da abu ya zo, hannu yakan yi nauyi, kai ya ce saura kaɗan a gama. Wannan an riga an rubuta, miƙawa kawai za ka yi.

Na gaya wa ubanka, in jikina ya ƙi, kada ya tsaya jiran ya ga yadda za ta kasance, ya hau tudu ya buga maka waya. In mai kawo waya ya tsaya a bakin ƙofarku, ko me ake tattaunawa, ko wa ke magana, kada ka ɗaga masa hannu. Na lissafa: jirgi ya kawo ka Malam Madori, mota ta kawo ka Haɗejiya, mai fito ya haye da kai, kwana biyu ke nan in an yi sa'a. Ba su da yawa. Shekara goma sha uku na yi a kan tabarmar nan ina koyon jira, duk ƙasar Haɗejiya babu wanda ya fi ni iyawa. In Allah ya ara mini, zan jira ka. Kai dai ka tashi.

Allah ya yi maka albarka, ya sa alƙalaminka ya zama sanadin alheri gare ka da mu. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga zazzaɓin baƙon wuri da mugun aboki, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Ari yana gaishe ka, ya ce kada ka manta iyo. In ka sami masauki ka rubuto, da manyan baƙaƙe, ni zan karanta wa kowa.

Ni ne kakanka,
Bukar